Abome-Kalabi, Garin da Ya Girma a Bakin Kwatano

Tsofaffin direbobin kamyo da suka yi shekaru suna kai albasar Galmi da ta Madawa kasuwannin Kwatano sun san hanyar kamar tafin hannunsu. Daga Doso sai Gaya, a ƙetare gadar kogin Kwara, a shiga ƙasar Benin ta Malanbil. Daga nan sai Kandi, sai Paraku, sai Bohikon, sai Alada. Tafiya ce ta sama da kilomita 700 daga iyaka zuwa bakin teku. In an wuce Alada da kaɗan, daji yakan ƙare. Gidaje su fara bin hanya dama da hagu, ga shaguna, ga makarantu, ga motoci da babura ba iyaka. Yaron mota da bai taɓa zuwa ba sai ya ce: "Maigida, mun iso Kwatano ke nan?" Direba ya yi dariya ya ce: "Da saura, yaro. Nan Kalabi ne."

Wannan garin ne za mu yi nazari a darasinmu na yau. Cikakken sunansa Abome-Kalabi. Bisa taswira za ku ga an rubuta Abomey-Calavi. Kada ku haɗa shi da Abome, tsohon birnin sarakunan Dahome, wanda yake can arewa da nisan sama da kilomita 100. Mutanen wurin da kansu Kalabi kawai suke cewa, mu ma haka za mu ce.

Me ya kai mu nazarin garin wata ƙasa? Dalili shi ne, abin da ya faru a Kalabi yana faruwa a bakin manyan birane da yawa na Afirka, har da namu. Amma a Kalabi abin ya yi sauri ƙwarai, kuma an ƙidaya mutanen sau huɗu, saboda haka ana iya bin sawunsa da lissafi.

Ina garin yake?

Ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma. Ku sa yatsa bisa Gaya, ku gangara kudu har ku taɓa teku. Nan Kwatano take. Ba ita ce babban birnin Benin bisa takarda ba, Porto-Nobo ce. Amma fadar shugaban ƙasa, da mafi yawan ma'aikatu, da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965, da babbar kasuwar Dantokpa, duka a Kwatano aka kafa su.

Yanzu ku dubi yadda Allah ya ajiye birnin. Kudu da shi teku ne. Arewa da shi wani babban tabki ne, sunansa Nokuwe. Kwatano tana zaune bisa wani siririn rairayi tsakanin ruwa biyu, kuma wurare da yawa a cikinta fadama ce. Faɗinta duka murabba'in kilomita 79 ne. Birni ne da ruwa ya ɗaure ma ƙugu.

Kalabi kuwa tana arewa maso yamma, kilomita 18 daga tsakiyar Kwatano. Gabas da ita tabkin Nokuwe ne, amma mafi yawan ƙasarta tudu ne mai jar ƙasa. Faɗin komin ɗin ya wuce murabba'in kilomita 500, wato ya ninka na Kwatano fiye da sau shida. An raba shi gunduma 9. Waɗanda za mu ambata a nan su ne Godome, wadda ta manne da Kwatano, da Kalabi kanta, da Akasato, da Wedo, da Togba, da Gulo-Jigbe can arewa. A wannan yanki damina biyu ake yi a shekara, babba da ƙarama. Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar manoma ne da masunta. Suna noman masara da rogo da kwakwar manja, daga baya kuma abarba.

Abin da ƙidaya ta nuna

Ƙidayar jama'a ita ce a bi gida gida a rubuta kowa da kowa, babba da yaro, har jinjirin da aka haifa jiya. Ga abin da ƙidaya huɗu na ƙasar Benin suka nuna:

1979: Kalabi 60.786, Kwatano 320.348
1992: Kalabi 126.507, Kwatano 536.827
2002: Kalabi 307.745, Kwatano 665.100
2013: Kalabi 656.358, Kwatano 679.012

Kada ku wuce waɗannan lambobi da gaggawa. Ku karanta su daga sama zuwa ƙasa. A 1979 mutanen Kwatano sun ninka na Kalabi sau biyar. A 2013 sun kusa zama kai ɗaya. Daga kowace ƙidaya zuwa mai bi mata, mutanen Kalabi sun ninka, har da ɗori. Cikin shekara 34 sun ninka fiye da sau goma. Yaron da aka haifa a Kalabi a 1979, cikin gonaki da itatuwan kwakwa, bai kai shekara 35 ba sai da ya ga kansa cikin birni, alhali bai gusa ko'ina ba.

Mu yi lissafin shekarun ƙarshe tare. Daga 2002 zuwa 2013 shekara 11 ke nan. Mu ɗebe 307.745 daga 656.358, saura 348.613. Mu raba da 11, mu samu 31.692. Wannan shi ne yawan mutanen da suka ƙaru kowace shekara. In muka sake rabawa da kwana 365, za mu samu kusan 87. Wato kowace safiya ta Allah, Kalabi tana wayuwa da sabbin mutane 87. In ajinku yana da ɗalibi 60, to kusan aji ɗaya da rabi ke nan kullum, har ranar da ba a zuwa makaranta.

A cikin waɗannan shekaru 11 ɗin, mutum 13.912 kaɗai suka ƙaru a Kwatano. Abin da Kwatano ta samu cikin shekara 11, Kalabi ta same shi cikin ƙasa da wata shida. A 2013 ratar da ta rage tsakaninsu 22.654 ce, ba ta kai ƙaruwar shekara ɗaya ta Kalabi ba. Ku da kanku kuna iya faɗin wanda ya wuce wani bayan haka.

Ga wani abin da zai taimake ku ku gane girman abin. Gundumar Godome ita kaɗai tana da mutum 253.262 a 2013. Birnin Maraɗi kuwa, a ƙidayar Nijar ta 2012, yana da 267.249. Gunduma guda cikin tara ta kusa kai Maraɗi duka. Kuma a shekarar 2013, cikin kowane mutum 15 na ƙasar Benin, ɗaya a komin ɗin Kalabi yake kwana.

Daga ina suka fito?

Hanya biyu ce jama'ar gari take ƙaruwa. Ta fari, haihuwa ta fi mutuwa yawa. Ta biyu, masu shigowa su fi masu fita yawa. Wace ce ta cika Kalabi?

Lissafi zai ba mu amsa. A 2002 mutanen Benin duka 6.769.914 ne. A 2013 sun kai 10.008.749. Ƙasar ta ƙaru da kusan rabi. Da Kalabi ta bi tafiyar sauran ƙasa, da mutanenta ba su wuce 460.000 ba a 2013. Amma an tarar da 656.358. Rarar ta kusa 200.000. Waɗannan ba haihuwar gida ce ta kawo su ba, da kayansu suka zo.

Wani zai ce: "Malam, ai ƴan ƙauye ne suka zo neman kuɗi, kamar yadda ake zuwa cin rani." Akwai su, amma ba su kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin baƙin Kalabi daga birni suka fito, daga Kwatano kanta. Wannan shi ne abin da ya bambanta irin wannan gari da sauran garuruwa, kuma shi ya kamata ku riƙe.

A ce ga wani ma'aikaci a tashar jiragen ruwa. Yana haya ɗaki biyu a Kwatano, shi da matarsa da ƴaƴa uku. Kowane wata kuɗin haya suna cin babban rabo na albashinsa. In damina ta sauka, ruwa ya cika unguwa, yara su tafi makaranta da takalma a hannu. A 2010 an yi ambaliyar da ta ɓata gidaje masu yawa a ƙasar, kuma unguwannin fadama na Kwatano sun sha wuya. Mutumin nan yana son gidan kansa. Fili a Kwatano ya yi wuya, wanda ake samu kuma sai mai hannu da shuni. Sai ya ji labari ana saida filaye a Akasato ko Wedo, bisa tudu, da kuɗin da zai iya tarawa cikin ƴan shekaru. Ya saya. Ya yi ɗaki ɗaya ya rufa kwano, ya gina rijiya, ya kwashe iyalinsa. Sauran ginin a hankali, bana ɗaki, baɗi katanga. Amma aikinsa yana nan Kwatano, bai bar shi ba.

Ku ninka wannan mutum sau dubbai, kun samu Kalabi. Akwai malaman makaranta, da ƴan kasuwa, da ƴan duwan, da direbobi, da masu ɗinki. Mafi yawansu matasa ne masu ƙananan yara, don mai sabon iyali shi ne ya fi neman wuri. Ƙasar ma dama ta yara ce: a 2013, cikin mutum 100 na Benin, wajen 47 ba su kai shekara 15 ba.

Masu ƙasar na asali su ne Ayizo, manoman tudu, da Tofin, masuntan bakin tabki. Yau harshen Fon ne aka fi ji a kasuwa da tasha, sai Faransanci a makaranta da ma'aikatu. Akwai kuma Gun, da Yarabawa, da Aja, da mutanen arewacin Benin, da baƙi daga ƙasashen maƙwabta.

Safe da marece

Garin da mutanensa suke kwana a ciki amma suke aiki a wani birni kusa, da Faransanci ana ce masa banlieue. Wasu kuma suna ce masa cité-dortoir, wato garin kwana.

In kana son ka ga ma'anar wannan suna, tsaya a Godome da sassafe. A nan manyan hanyoyi biyu suke haɗuwa. Ɗaya ta fito daga yamma, daga Wida da Lome ta ƙasar Togo. Ɗaya ta gangaro daga arewa, ita ce hanyar da ta taso tun daga Malanbil. Mafi yawan masu shiga Kwatano daga waɗannan wurare ta wannan maƙogwaro suke bi. Da safe kowa ya nufi gari, da marece kowa ya juyo. A 2011 aka buɗe wata babbar gadar sama a Godome, wadda ƙasar Sin ta taimaka aka gina, don a rage cunkoso. Ta rage, amma mutane ba su daina ƙaruwa ba. Tafiyar kilomita 18 da mota za ta yi cikin minti ashirin in hanya a buɗe take, takan ci sa'a guda ko fiye a lokacin tafiya aiki.

Wannan kai da kawo shi kansa ya zama hanyar abinci. Akwai ƙananan motocin haya da ake ce ma tokpa-tokpa, ƴan uwan faba-faba na Yamai. Akwai kuma masu babur, waɗanda mu muke ce ma kabu-kabu. A can sunansu zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" da harshen Fon. Dubban samari ne suke ciyar da gidajensu da wannan sana'a. Bayansu kuma ga masu gyaran babur, da masu facin taya, da masu saida mai cikin kwalabe a bakin hanya. Wannan mai daga Najeriya ake shigo da shi ta bayan fage. Su suna ce masa payo, mu nan mun san shi da ruwa-ruwa. A 2023 da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai, kuɗinsa suka tashi nan take a Benin. Mai babur ya ƙara kuɗin ɗauka. Ma'aikacin nan namu da ya gudo daga tsadar haya, sai ya tarar da tsadar hanya tana jiran sa.

Gona ta zama fegi

A nan ya kamata mu daɗe, don nan ne abin ya fi taɓa rayuwar mutane.

Babbar hajar Kalabi ba masara ba ce, ba kifi ba ne. Ƙasa ce. Kowane baƙo fili yake nema, kuma filin nan gonar wani ce. Manomi yana da hekta biyu da ya gada wurin ubansa. Abin da yake samu a cikinta a shekara kaɗan ne. Sai ga mai saye ya zo da kuɗin da manomin bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya yanka gefe ɗaya ya saida. Baɗi ɗansa zai yi aure, ya ƙara yankawa. Bayan shekara goma, gidajen baƙi sun kewaye shi, gonar ta ƙare.

Wanda ya yi dabara, ya gina ɗakunan haya da kuɗin, ko ya sa ƴaƴansa makaranta, ko ya sayi wata gona can nesa inda ƙasa take da arha, ya tsira. Wanda ya saya ma ɗansa babur ya kashe sauran a biki, bayan ƴan shekaru babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare. Gona ana noma ta kowace shekara, amma sau ɗaya ake saida ta. Da yawa daga cikin samarin da suke tuƙa zemijan ko suke ɗaukar bulo a wuraren gini, ƴaƴan masu gonakin jiya ne, suna ƙwadago bisa ƙasar kakanninsu.

Sai kuma rigima. A al'ada gona ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. Wa ya saida ba da sanin ƙannensa ba, su kuma su tashi su ce ba su yarda ba. Wani macuci ya saida fegi ɗaya ma mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa a hannu. Wani ya gama gini ya tare, bayan shekaru sai ga jikokin mai gonar sun zo da hukuncin kotu. Shari'ar ƙasa ta yi yawa a kudancin Benin har gwamnati ta yi sabuwar dokar filaye a 2013, ta kafa ma'aikata ta musamman mai rajistar ƙasa. A 2022 kuma aka yi dokar kafa kotu ta musamman wadda ba ta da wani aiki sai shari'ar filaye, kuma Kalabi tana cikin garuruwan da aka ba ta.

Akwai wata wahala da ba a gani sai daga baya. A tsari mai kyau, hukuma ce take fara zuwa. Ta auna wuri, ta fidda tituna, ta ware filin makaranta da na kasuwa da na gidan likita, sannan mutane su gina. A unguwanni da yawa na Kalabi an yi akasin haka: gidaje suka riga hukuma zuwa. Da aka zo fidda tituna, sai an rage ma kowa filinsa, wani ma a rushe masa katanga ko ɗaki. Wasu kuma, da tudu ya yi tsada, suka gina cikin kwari inda ruwa yake bi. Ambaliyar da suka gudo ma a Kwatano ta same su a sabon gida.

Duk da haka gini ya ciyar da mutane masu yawa. Magina, da kafintoci, da maƙeran ƙofofi, da masu buga bulo, da masu gina rijiya, da masu saida siminti da kwano da ƙarfe, kowa ya samu. In unguwa ta cika, sai mai shago ya zo, sai mai injin niƙa, sai mai gyaran gashi, sai mai makarantar kuɗi. Mafi yawan waɗannan sana'o'i ƙanana ne, na mutum ɗaya ko na iyali, kuma mata ne suke riƙe da babban rabo na cinikin kasuwa da na abinci.

Gwamnati ma ta shiga gini. A Wedo ta gina wata sabuwar unguwa mai gidaje dubbai, da tituna da ruwa da wuta tun kafin mutane su tare.

Jami'a, tabki da masaƙa

Ba daidai ba ne a ce Kalabi wurin kwana ne kawai. Tana da nata abin hannu.

Na fari ita ce jami'a. An kafa ta a 1970 da sunan Jami'ar Dahome. A 1975, shekarar da ƙasar ta bar sunan Dahome ta koma Benin, aka maida ita Jami'ar Ƙasa ta Benin. Tun 2001 ake kiran ta Jami'ar Abome-Kalabi. Ita ce mafi girma a ƙasar, ɗalibanta dubbai ne masu yawa. Kowane ɗalibi yana bukatar ɗaki, da abinci, da takardu, da abin hawa. Unguwannin da suke kewaye da jami'ar da wannan ciniki suka tashi.

Na biyu shi ne tabkin Nokuwe. Masuntan wurin suna da wata dabara mai suna akaja. Sukan kafa rassan itace da yawa cikin ruwa marar zurfi. Kifi ya taru a ciki, yana cin abin da ya tsiro bisa rassan, yana ɓuya, yana hayayyafa. Bayan watanni sai a kewaye wurin da taru, a cire rassan, a kwashe kifi. Gona ce, amma cikin ruwa. Da safe mata sukan kawo kifin bakin gaɓar Kalabi cikin kwale-kwale. Daga wannan gaɓa ce kuma baƙi masu yawon buɗe ido suke shiga jirgi zuwa Ganbiye, garin da aka gina gidajensa bisa turaku a tsakiyar ruwa. Ganbiye ba cikin komin ɗin Kalabi take ba, amma Kalabi ce ƙofarta. Sai dai tabkin yana jin nauyin biranen da suka kewaye shi. Shara da ruwan ƙazanta suna gangarawa ciki, ruɓaɓɓun rassan akaja suna cike shi, kainuwa kuma takan rufe ruwan a wasu watanni, kamar yadda take yi a kogin Kwara.

Na uku sabo ne. A 2019 aka buɗe tashar wutar lantarki ta Mariya-Gileta a gundumar Togba, mai ƙarfin megawat 127. A 2021 kuma aka fara gina wani babban filin masana'antu wajen Gulo-Jigbe, kilomita 45 daga Kwatano, mai faɗin hekta 1.640. Benin tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi noman auduga, amma shekara da shekaru ɗanya take saida ta waje. Nufin wannan fili shi ne a kaɗa audugar, a saƙa, a ɗinka a gida, a kuma gyara ƴaƴan kaju da waken soya kafin a fitar. A 2023 aka fara aika tufafin da aka ɗinka a wurin zuwa Amurka. Ma'aikacin masaƙar nan, in yana zaune a Akasato, arewa zai nufa da safe, ya ba Kwatano baya. In irinsa suka yi yawa, sunan garin kwana zai daina dacewa da Kalabi.

Nauyin da ke bisa magajin gari

Mu koma ga lissafinmu. Mutum 31.692 a shekara. A ce ɗaya cikin biyar yaro ne da ya isa shiga makaranta. Yara sama da 6.300 ke nan. In za a zuba 50 a kowane aji, ana bukatar sabbin azuzuwa fiye da 120 kowace shekara, kowane da malaminsa da tebura da allo. Haka ruwan pampo, haka wuta, haka gidan haihuwa, haka kwasar shara.

Da me za a yi wannan aiki? Da haraji. To, ga inda gizo yake saƙa. Ɗan kasuwar da yake kwana a Kalabi, shagonsa yana Kwatano, can yake biyan patanti da kuɗin rumfa. Amma ƴaƴansa a Kalabi suke karatu, matarsa a Kalabi take haihuwa, shararsa a Kalabi ake zubarwa. Kaza tana kwana a wani gida, tana ƙwai a wani. Shi ya sa garuruwa irin wannan suke ƙoƙarin jawo kasuwanni da masana'antu cikin ƙasarsu, kuma suke matsa ma masu filaye da gidaje su yi rajista su biya harajinsu.

Mu da Kalabi

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa mafi yawan kayan da take sayowa daga ƙetare ta tashar Kwatano suke sauka, kuma kowane kamyo da ya ɗauko su sai ya ratsa Godome da Kalabi da Akasato kafin ya kama hanyar arewa. Masu abinci, da masu gyaran mota, da masu saida mai na bakin wannan hanya sun ci albarkacin direbobinmu. Ƴan Nijar kuma sun daɗe suna kai albasa da dabbobi kudancin Benin, wasu suna gasa nama, wasu suna yawon talla. A Kwatano akwai tsohuwar unguwa mai suna Zongo, inda ake jin Hausa da Zabarmanci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Gaya da Malanbil. Benin ta buɗe nata gefen a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, aka maida jigilar kaya ta hanyar Lome da Burkina Faso. Rashin kamyoyin nan ya taɓa aljihun mutane a ƙasashen biyu.

A gida ma muna da abin da ya yi kama da labarin Kalabi. Kafin 1970, gefen dama na kogi a Yamai ƙauyuka ne da gonaki, sai da jirgi ake ƙetarawa. Da aka buɗe gadar Kenedi a 1970, aka kuma gina jami'a a wannan gefe, sai Harobanda ta cika da gidaje. Gada da jami'a a Yamai, hanya da jami'a a Kalabi. Ku da kuke Maraɗi ku dubi hanyar Tibiri, ku da kuke Damagaram ku dubi hanyar Mirya, ku tambayi iyayenku inda gidaje suka tsaya lokacin da suke yara.

Tambayoyi

1. Me ya hana Kwatano faɗaɗa kudu da arewa?
2. Mutum nawa suka ƙaru a Kalabi daga 1992 zuwa 2002? Nawa ke nan a shekara ɗaya?
3. Yaya muka gane cewa ba haihuwa kaɗai ce ta cika Kalabi ba?
4. Manomi ya saida gonarsa duka. Faɗi abu biyu da zai iya yi da kuɗin don kada iyalinsa su rasa abinci bayan shekara goma.
5. Me ya sa harajin ɗan kasuwar da yake kwana a Kalabi yake shiga asusun Kwatano?

Aiki

Ku kasu gungu gungu. Kowane gungu ya je unguwar da ta fi sabunta a garinku, ya gaida masu gida goma da ladabi, ya tambaye su: daga ina suka taso, a wace shekara suka tare, ina maigida da uwargida suke aiki, kuma me ake nomawa a wurin kafin a gina gidan. Ku rubuta amsoshin cikin Hausa, ku jera shekarun bisa allo daga ta fari zuwa ta ƙarshe. Gungun da ya samu tsohon mai gonar da ransa, ya roƙe shi ya zo aji ya ba da labari da bakinsa.